Ƙarar Kekunan Yaya Ummaru

Mutum na farko da ya yi mini Hausa a ƙasar Ingila shi ne na farko da ya cuce ni a can. Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Landan da akwatina, ina kallon allunan da ban san inda suke nunawa ba, sai na ji an ce, "Sannu da zuwa, ɗan'uwa." Saura kaɗan in rungume shi. Ya ce garin da zan je karatu ya san shi kamar yunwar cikinsa, yana da aboki mai ba ɗalibai ɗaki, amma sai an ba da kafin alƙalami. Na ba shi ba musu. Ya rubuta mini adireshi, ya saka ni jirgi, har da ɗaga mini hannu. Da na isa, titin yana nan, lambar ma da alama ta taɓa kasancewa, amma gidan an rushe shi tun tuni. Fili ne da ciyawa da tulin bulo, sai na ajiye akwatin na zauna a kansa.

Ni Sahabi ne, ɗan Bodinga. Zamanin mulkin farar hula ne, kuɗin man fetur na yawo a ƙasa, gwamnatin jiha ta tura mu karatu waje, ni aka ba ni fannin tattalin arziki. Tun rasuwar babanmu, wana Yaya Ummaru ne ya riƙe ni. Tela ne, yana da shago kusa da tasha, da teloli a ƙarƙashinsa, kowanne da iyali. Abin da babanmu ya bar mana kuwa fadama ce ta albasa a wajen Lambara, can ƙasar Shagari. Da ita aka yi mini kuɗin littafi, da ita Inna take cefane, kuma ita kaɗai ce abin da za mu nuna mu ce namu ne tun kakanni.

A kan akwatin nan wani dattijo ɗan Pakistan ya same ni. Hulata ya gani ya yi mini sallama. Sunansa Rashidu, ni kuwa na laƙaba masa Malam, bai kuma ƙi ba. Ya karanta adireshin, ya dubi filin, bai yi dariya ba, abin da har yau nake gode masa a kai. Ya ce yana da ɗaki a saman gidansa, ƙarami ne, akwai sanyi, amma akwai rufi.

Muna tafiya ina kallon garin. Garin masaƙu ne, dogayen bututun hayaƙi ko'ina, amma ba hayaƙi. Da rana tsaka ga majiya ƙarfi a jingine da bango, hannuwa cikin aljihu. Muka wuce wani ofis da layi ya fito har titi, ya ce nan ake karɓar ɗan abin da gwamnati ke ba marasa aiki, shi ma ranar Talata yake zuwa. Ya yi shekaru yana saƙa a wata babbar masaƙa. Wata Juma'a aka tara su, manaja ya ce banki ya ƙara kuɗin ruwa, masu saye sun daina oda, kowa ya tafi gida.

"Injinan ba su lalace ba," in ji shi. "Ranar da aka kashe su lafiyarsu ƙalau. Ni na shafa wa nawa mai da safen nan."

Na yi masa jaje irin na baƙo, a raina ina cewa wannan matsalar Turawa ce, mu muna da fetur.

A jami'a aka haɗa ni da wani tsohon farfesa, dogo, mai lofe, wanda bai iya yabo ba. Aikinsa shi ne gina ƙasa ta lissafi. Za ka ɗauki yadda mutane ke saye, da yadda masu jari ke kafa sana'a, da yadda ake ɗaukar ma'aikata, da yadda bankuna ke ba da bashi, ka ɗaure su da juna da lissafi, ka huda su a katuna, ka kai wa kwamfuta. Sai ka tambaye ta: in babban bankin ƙasa ya ƙara kuɗin ruwa, ko ya rage bashin da ake bayarwa, me zai faru da ciniki, me zai faru da jari, su wa za su rasa aiki? Ni ƙasar takarda nake kiranta. Aikina shi ne in gina ta Najeriya, in tambaye ta abin da zai biyo baya in farashin fetur ya faɗi aka tsuke bakin aljihu.

Abin da ya fi ba ɗalibai wuya shi ne jinkiri, wato a yanke hukunci yau, ciwon ya fito baɗi. Ni bai ba ni wuya ba, don na yi ban ruwa. In ka toshe babbar hanyar ruwa a bakin rijiya, fangalin da ke kusa zai jima da laima, na ƙarshe shi zai fara bushewa, mai shi kuma bai ma ga lokacin da aka toshe ba. Na faɗa wa Farfesa haka, ya cire lofe ya ce, "To ina fangalinku na ƙarshe?" Na yi dariya na ce wataƙila Bodinga.

Labarin gida a kaset yake zuwa mini. Mai kawowa Alhaji Modi ne, babban mai yadi na kasuwar Shagari, wanda ke zuwa Ingila sarin kaya, kuma shi ke ba Yaya Ummaru yadi a kan amana, sai an ɗinka an sayar a biya. A shago ake ɗaukar kaset ɗin, a ajiye rikoda a kan teburin yanka, kowa ya zo ya yi gaisuwa. Da ƙyar ake jin magana saboda ƙarar kekuna. Inna sai ta ɗaga murya kamar tana kiran wani a hayin gulbi.

"Sahabi, kana jiya ta? Kowa lahiya lau. Albasa ta yi kyau bana, rudun ajiyarta ya cika har mun ƙara wani. Ka riƙa cin abinci, an ce mutanen can ba su cin tuwo."

Na saurari kaset ɗin nan har ya fara shaƙewa. Kewar gida takan kama ni. Malam Rashidu ba ya jin ko kalma ɗaya ta Hausa, amma yakan hawo ya zauna a bakin gado ya rufe ido. Ba mutanen yake saurare ba, kekunan ne. Ya ce, "Wurin nan akwai aiki. Ka ji yadda ba wanda ke jiran wani?"

A kaset na gaba ne Yaya ya ba ni albishir. Ya sami kwangilar ɗinka kayan 'yan makaranta, zai yi odar kekunan lantarki daga waje, ya ƙara teloli.

"Banki za shi ba ni rabi," in ji shi. "Sauran in jinginar da hwadama shekara guda, in anka biya kwangila in hanso ta. Kak ka damu. Ɗan yankinmu ad da mulki, wa za shi bari mu hwaɗi?"

A bayansa na ji teloli suna shewa.

Satin nan ne ƙasata ta takarda ta fara ba da amsa. Na ɗauko dogayen takardun daga ɗakin kwamfuta, na shimfiɗa su a ƙasa, na bi su da yatsa. Fetur ya faɗi, kuɗin waje ya ƙare, babban banki ya matse bashi, aka taƙaita shigo da kaya. Da farko ba abin da ya motsa. Sai jari ya tsaya. Sai gwamnatocin jihohi suka kasa biyan 'yan kwangila. Sai ciniki ya mutu, sannan ayyuka suka bi, kuma ƙananan masu sana'a da ke dogara da kayan waje da kuɗin gwamnati su ne farkon faɗuwa. Na ce ƙarya ne, na yi kuskure wajen huda. Na sake. Na sassauta nan, na yi wa can rangwame, na yi wa kwamfutar nan duk lallashin da ake yi wa alƙali. Ta ƙi canza magana.

Farfesa ya duba ya ce alƙalumana ba su da ƙarfi, ba zai rantse a kan girman abin ba, amma inda aka dosa ba shakka a ciki. Ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya ne ba ka saka ba, ni ma ban san yadda ake saka shi ba. Abin da mutane za su yi in sun ji wannan." Ban kula da maganar ba. Hankalina yana kan fadama, kuma a watan nan ne alawus ɗina ya fara makara.

Wasiƙa ba za ta yi ba. Yaya ba ya karanta boko, sai an kai wa mai karantawa a kasuwa, kafin la'asar gari ya ji. Sai na sayi kaset na raba shi biyu. Fuskar farko gaisuwa ce ga kowa, har da ƙaryar da duk matafiyi ke yi, cewa ina cikin daɗi. A ƙarshenta na ce sauran na Yaya ne shi kaɗai. A ɗaya fuskar na yi magana da duk ladabin da ƙane zai iya tattarowa.

"Yaya, ka yi mani gahwara, ba ni da bakin ba ka shawara. Amma abin da nig gani cikin karatun ga ya hana ni sukuni. Kuɗɗin gwamnati za su ƙahe. Banki za shi janye hannu, kwangila ba a biyanta kan lokaci, zare da yadi za su yi wuya. Don Allah kak ka taɓa hwadama. Ko telolin da ka da, in da hali ka rage, kahin abin shi iso."

Na hau jirgi har Landan na sami Alhaji Modi a masaukinsa, cikin tulin bandir-bandir na yadi. Na damƙa masa kaset, na roƙe shi ya gaya wa Yaya fuska ta biyu a keɓe za a ji ta. Ya ce, "Ba komi, Malam Sahabi, an gama." Ya ba ni kilishi da goro, ya kuma biya mini kuɗin jirgin komawa. Ba zan ce mutumin banza ba ne.

Daga nan sanyi ya shigo, alawus kuwa ya ɗauke ɗif. Na je ofishin da ke kula da ɗalibanmu a Landan, na tarar da 'yan ƙasarmu zube a ƙasa har kan matakala, masu karatun likita, masu injiniya, wasu da mata da jarirai. Jami'in da ya fito shi ma idonsa ya faɗa. Ya ce ba a sako kuɗin waje daga gida ba, ba shi da abin da zai ba mu sai haƙuri. A jirgin komawa na zauna ina tunanin cewa ni ne na rubuta wannan a babi na huɗu na aikina, ban dai san ina cikin waɗanda zai fara ci ba.

Na sami wankin kwanuka a wani gidan abinci. Mai gidan ya san takarduna ba su ba ni izinin aiki sosai ba, don haka ranar biya sai ya tuna farantan da wai na fasa. Ɗakina akwai mitar gas da ake jefa wa sulalla, in babu sulalla babu ɗumi, sai in sa rigunana duka in shiga bargo da littafi. Kuɗin haya ya gagare ni. Na sauko ina kame-kame zan yi wa Malam Rashidu bayani, ya ɗaga hannu ya ce, "Da mu biyu ne marasa aiki a titin nan masu gemu, yanzu mun zama uku, ka fara tara naka." Daga ranar matarsa take ajiye mini faranti a rufe a kan matakala, ta ƙwanƙwasa ta sauka kafin in buɗe, don kada in ji kunya.

Amsar Yaya ba ta zo ba. Alhaji Modi ya daina zuwa Ingila, abin da ya ƙara tayar mini da hankali. Bayan watanni wani ɗalibi ɗan Sakkwato ya kawo kaset. Kowa lafiya lau. Yaya ya ce ya ji saƙona, ya gode, Allah ya ƙara ilimi, bai ƙara ko kalma a kai ba. Malam Rashidu na zaune ido rufe. Da aka gama ya ce in mayar baya. Ya sake saurare, ya ce, "Kekunan sun ragu. Kuma akwai wanda ke taka nasa a hankali, yana jan aikin don kada ya ƙare."

Kaset na ƙarshe ya iso ina gab da gamawa. Ban taɓa jin muryar Yaya tangaran haka ba. Na ji kaza tana kuka, na ji babur ya wuce, na ji har takun wanda ya shigo shagon. Inna ba ta ɗaga murya ba, ba ta bukata. Ta ce kowa lafiya lau, ta ce in riƙa cin abinci, ba ta ambaci albasa ba, alhali lokacin cirarta ne. Malam Rashidu ya miƙe ya sauka ƙasa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da na zauna a kan akwati.

Na kare aikina a gaban malamai. Suka yaba, don abin da ƙasar takarda ta faɗa ya soma fitowa a jaridu. Farfesa da bai iya yabo ba ya riƙe hannuna ya ce na yi sa'a, ba kowane ɗalibi ne duniya ke gaskata shi da wuri haka ba. Na ce na gode. Mutanen masallacin su Malam Rashidu, rabinsu marasa aiki, su suka haɗa mini cikon kuɗin jirgi.

Tun daga Kano nake ganin layuka, na shinkafa, na sabulu, na madara. A Sakkwato gine-ginen gwamnati sun tsaya rabi, ƙarafa a tsaye sun yi tsatsa. Na shiga bas zuwa Bodinga, ba mai hira a ciki sai ta tsadar kaya.

Shagon yana buɗe. Kekunan lantarki suna jere a jikin bango, an lulluɓe su da tsofaffin zannuwa, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Yaya Ummaru shi kaɗai ne a kan tsohon kekensa na ƙafa, yana yi wa wani wando faci. Ya rame. Muka gaisa doguwar gaisuwa, kowa na cewa lafiya lau. Sai da ya gama facin ya yanke zare da haƙori, sannan ya ba ni labari ba tare da na tambaya ba.

Alhaji Modi da kansa ya kawo kaset shago, ya kuma isar da saƙona a kunnen Yaya. Amma kafin a sa batir an cika wurin, don kaset ɗin matafiyi ba na mutum ɗaya ba ne. Inna ta zo, teloli sun tsayar da aiki, maƙwabta sun tsaya a ƙofa, Alhaji na kan kujera. Fuskar farko ta ƙare da muryata tana cewa sauran na Yaya ne shi kaɗai.

"Sai kowa yad dube ni," in ji shi. "In na kashe, mi za a ce? Yaro ya aiko da kuɗɗin Turawa, Ummaru na ɓoye ma uwatai. Ko ya yi aure can. Ka san garin ga. Sai nij juya shi."

Kowa ya ji. Da aka kai inda na ce a rage teloli, wani dattijo cikinsu da ya yi aiki tun zamanin babanmu ya tambaya ko su fara neman wani wuri.

"Gaban Inna, gaban mutane, mi za ni ce mishi? Nir rantse ba wanda za shi gida in dai ina da rai. Da ni ɗai nij ji, Sahabi, walle da na tsaya, don ni ma gabana na hwaɗuwa. Amma bayan rantsuwa ba ni da hanya sai gaba. Satin nan niy yi odar kekuna."

Sauran na san shi, ni na rubuta shi. Banki ya janye, kwangila ba a biya ba, zare ya ɓace a kasuwa, telolin suka tafi ɗaya bayan ɗaya da kansu don su sauƙaƙa masa rantsuwarsa. Na tambaye shi wa ya karɓi jinginar fadama.

"Alhaji Modi. Tun ran nan yad daina ba kowa yadi bashi, yas sayar da kayanai, yaz zuba kuɗɗinai ga ƙasa. Da wa'adi yac cika ban da abin hansa, sai anka mai da ita saye." Ya ɗan yi murmushi. "Duk garin ga shi ɗai yaɗ ɗauki shawararka."

Washegari na ce sai na ga fadamar. Yaya ya ce ba amfani, ban ji ba. Na hau mota zuwa Shagari, na ƙarasa Lambara a bayan babur. Tana nan yadda na bar ta, kore shar, sai dai an sa injin ban ruwa a bakin rijiyar babanmu. Alhaji Modi na tsaye a kan kunya yana duba ma'aikata. Da ya gan ni ya taho da sauri, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam Sahabi, marhabin. Allah shi saka maka da alheri. Ba don kaset ɗin nan naka ba, da yanzu ni ma ina cikin masu kuka. Ilimi ya yi rana."

Har zuciyarsa yake faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya sa aka cika mini kwando da albasa, manya-manya, ya ce in kai wa Inna, a gaishe ta. Na so in ƙi karɓa, na rasa ta inda zan fara, sai na ɗauka.

Inna na tsakar gida tana tankaɗe na ajiye kwandon a gabanta. Ba ta tambayi daga ina ba. Ta ɗauki ɗaya, ta juya ta, ta danna wuyanta da babban yatsa, ta shinshina.

"Sun cika mata ruwa," in ji ta. "Wagga ba ta kai damina."

Ta mayar da ita cikin kwando, ta kira wata maƙwabciya ta ce a raba wa gidajen unguwa. Ranar miyarmu ba albasa.